Sai An Faɗa wa Maƙwabcin Farko

Herr Kamphues, mai shirya jana'iza, ya buɗe littafin hotunansa a kan teburin kicin, ya juya shi ya fuskanci Hedwig Terhorst, tunda ita ce matar mamacin. Kafin ta gama laluben tabaranta, ɗanta Ludger ya sa yatsa biyu ya janye littafin zuwa gabansa.

"Ku fara mana daga baya," in ji shi. "Na san halinku, masu tsadar kuke jerawa a gaba."

Herr Kamphues kuwa daga gaban ya fara. Akwai binnewa a maƙabartar cocin ƙauye, a kama wuri na shekara talatin, a zaɓi akwati, daga baya a kafa dutse mai suna. Akwai ƙonawa, a sa tokar a ɗan tulu a binne ta da ƙaramin allo. Duk shafin da ya buɗe sai ya faɗi kuɗinsa a hankali, kamar mai neman gafara, Ludger kuma ya ja tsaki. Matarsa Silke tana tsaye jikin injin kofi ta harɗe hannuwa, tana gyaɗa kai ga kowane tsaki.

Shafin ƙarshe ba shi da hoto.

"Wannan fa?" in ji Hedwig. "Ban ga komai ba."

"Babu abin ɗauka ne, Frau Terhorst. Filin ciyawa ne a babbar maƙabartar birni. Ana ƙonawa, a binne tulun a can, babu suna, babu alama."

"To yaushe za mu je?"

Mutumin ya gyara wuyan rigarsa. "Ba a zuwa. Ma'aikata ne suke binnewa, su haɗa da na wasu. Ba a faɗin ranar, ba a nuna wurin."

"Shi za a yi," in ji Ludger, ya rufe littafin.

Hedwig ta kalli ɗan nata, wannan ƙaton da ta goya, furfura har ta fara fito masa. "Ludger, Alfons fa ake magana. Ubanka. Ba mushen maraƙi ba ne da mota za ta zo ta kwashe."

"Mama, kada ki fara. Baba da kansa ba ya son ɓarnar kuɗi. Mutumin da yake miƙe tsohuwar ƙusa da guduma don kada ya sayi sabuwa?"

"Ƙusa yake miƙewa, bai taɓa jefar da mutum ba."

"Oma, ki duba gaskiya mana," in ji Silke, da muryar nan da take lallashin dawaki da ita. Tun da ta haihu take kiran surukarta Oma, wato kaka, kamar yadda jikokin suke yi, ko da yake jikokin sun daɗe da watsewa birni. "Kabari shekara talatin, wa zai riƙa shuka furanni, wa zai yi ban ruwa? Ke da ƙafar nan? Ni za a bar wa. Kuma ai yana cikin zuciyarmu, ba sai da dutse ba."

Herr Kamphues ya tattara kayansa. A bakin ƙofa ya ce shi dai ba zai ƙona kowa ba sai da yardar matarsa, muddin tana raye kuma da hankalinta. Alfons yana wajensa a ɗakin sanyi, amma doka ba za ta bari ya daɗe ba. Hedwig ta lura da yadda Ludger da Silke suka haɗa ido da aka ambaci hankali.

Nan wajenmu, a ƙauyukan Münsterland na ƙasar Jamus, mutuwa ba ta zama mutuwa sai an faɗe ta. Wani daga gidan mamaci zai taka da ƙafarsa zuwa gidan maƙwabcin farko, ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa da bakinsa. Maƙwabcin zai amsa, "Mun ji, saura namu," wato sauran aikin nasu ne, daga nan aiki ya bar hannun masu gida. Maƙwabcin ne zai zagaya sauran gidaje, ya sa a kaɗa ƙararrawar coci, ya tara maza shida masu ɗaukar akwati. Kafin a faɗa kuwa, ko duk duniya ta sani, ba mai tako ƙafarsa cikin gidan. Kunya ce da mutunci, ba a kutsa wa mutane cikin baƙin cikinsu. Ludger ya san wannan sarai, shi ya sa ya ƙi zuwa. Ya kira Fada, limamin coci, a waya ya ce iyali sun fi son a yi abin a tsakaninsu, shi ke nan ya kulle ƙofa da al'adar da aka yi don buɗe ta.

Maƙwabcin farkon gidan Terhorst shi ne Aloys Wiesmann, tsoho mai ji da kunne ɗaya, wanda suka yi firamare tare da Alfons. Kullum da safe Hedwig tana ganinsa ta taga. In ya zo daidai ƙofar gonarsu sai ya rage gudun tarakta, ya cire hula, ya kalli gidan, ya wuce. Can nesa a bayan gidansa, matarsa Resi ta rataye baƙar kwat ɗinsa a igiya tana shan iska. A shirye suke, jira kawai suke yi a zo a faɗa. Duk sanda Hedwig ta hango kwat ɗin nan sai baƙin ciki da kunya su kama ta.

Washegari Ludger ya shigo ɗakinta da takardar yarda da biro. Tun da ƙarfinsu ita da Alfons suka mallaka masa gonar, kamar yadda ake yi, aka bar masu ɗakuna biyu a ƙasa. Ya zauna a kujerar ubansa ya yi ta bayani. Rufin ɗakin dawaki yana yoyo, masu ajiyar dawaki daga birni suna ƙorafi. In aka tara maƙwabta sai an ciyar da rabin ƙauye kofi da kek, a shayar da masu ɗauka. Zamani ya canza, ko manyan mutane haka suke yi yanzu.

"Ba zan sa hannu ba," in ji ta. "Ina son wurin da zan je in tsaya in ce ga shi nan."

"Ki tsaya ki yi me? Ki yi hira da ƙasa?"

"In ina so. Shekara hamsin ina hira da shi yana bayan jarida, ban ga bambanci ba."

Bai yi dariya ba. Ya ajiye takardar a kan talabijin ya fita.

Daga ranar abubuwa suka fara ɓacewa. Wayar ɗakinta ta mutu, Silke ta ce layin ne, an kira masu gyara. Keken da take turawa tana dogarawa in za ta yi tafiya ya yi ɓatan dabo daga bakin gadonta, Ludger ya ce birkinsa ya lalace, kada ta faɗi a ce su ne. Ba ta da kuɗi a hannu, katin bankinta yana wajensa tun da Alfons ya kwanta asibiti. Aka daina kiranta teburin kicin, wai don ta huta, sai a miƙo mata miya a tire. Ba wanda ya ɗaga mata murya, wannan kam ba za a yi masu ƙarya ba. Komai da "don lafiyarki" aka yi shi.

Sai kuma aka shiga ƙirƙira mata mantuwa. Silke ta leƙo da rana ta ce, "Oma, kin sake barin murhu a kunne."

"Ni da ban shiga kicin ba?"

"Kin gani ko? Har kin manta kin shiga."

Abin da ya fi ba Hedwig tsoro shi ne, bayan Silke ta fita, sai da ta zauna tana tambayar kanta ko da gaske ta shiga ɗin. Ta bi abin da ta yi tun safe ɗaya bayan ɗaya, ta tabbata ba ta shiga ba, sannan tsoron ya juye ya zama fushi.

Da yamma ta ji su ta ƙofar da ba su rufe da kyau ba. Ludger yana cewa likita zai zo gobe da rana ya duba ƙwaƙwalwarta. In ya rubuta cewa ta rikice, sa hannun ya dawo wajensa.

"Ni fa ban ji daɗin abin nan ba," in ji Silke.

"Wa ya ji daɗi? Amma bara ma ta sa madara a kabad. Ba ƙarya za mu yi ba, tuna wa likita kawai za mu yi."

Haka mutanen kirki suke yin mugunta a gidajenmu, da murya ƙasa-ƙasa, kowa yana ba ɗan'uwansa haƙuri.

Da gari ya waye Ludger ya tafi sayo ciyawa, Silke tana can filin baya tana koya wa wata mata hawan doki. Hedwig ta ciro baƙar rigarta ta zuwa coci, ta sa, ta taje gashinta, ta ɗaura tsohon agogon Alfons duk da ya yi mata yawa. Ta bi bango har ƙofar baya. Daga nan babu bango, ga tsakar gida fetal, ga titin gona miƙe har gidan Aloys. Ta tsaya tana duba abin da za ta kama, sai idonta ya faɗa kan baron da ake kwashe kashin dawaki da shi, an jingine shi jikin famfo.

Ta kama hannuwansa biyu, ta ɗan ɗaga, ta tura. Taya ɗaya gare shi, yana karkata, amma in ta gaji sai ta sauke ƙafafunsa ta dogara. Haka ta fita, tsohuwa cikin kayan makoki tana tura baro babu komai a ciki sai wari. Ƙugunta yana suka kamar ana caka mata allura. Ta tura, ta sauke, ta huta, ta sake turawa. Wani mai keke ya wuce ya gaishe ta, ya waiwayo har ya kusa faɗawa rami. Ita kam ko a jikinta. Tana tafe tana magana da Alfons ƙasa-ƙasa, tana ce masa ya ga irin ɗan da ya shagwaɓa.

Ta kusa shingen Aloys ke nan ta ji mota a bayanta. Silke ta sha gabanta, ta fito da takalman hawa a ƙafa.

"Oma! Me kike yi haka? Shiga mota, mutane suna kallo!"

"Su kalla, ai don su gani na fito."

"Za ki faɗi ki karye!"

"In na faɗi ki zuba ni a baron, dama kin saba kwashe abin da ba kya so."

Silke ta kama hannun baron. Hedwig ta sake mata shi gaba ɗaya, ta kama shingen, ta bi shi da hannu har ƙofar gidan. Aloys ya riga ya fito, Resi tana bayansa da garin fulawa a hannuwa. Ya yunƙuro zai tare ta, Resi ta riƙe masa riga. Suka bar ta ta ƙaraso bakin ƙofa da ƙafarta, ta dafa ƙyauren, ta miƙe iya miƙewar da bayanta zai yarda.

"Herr Wiesmann, ku yi haƙuri," in ji Silke tana haki. "Kwana biyun nan ta rikice, ba ta san abin da take yi ba."

Hedwig ba ta ko waiwaya ba. Ta ɗaga murya saboda kunnen tsohon.

"Aloys, maƙwabci, na zo in faɗa maka. Alfons ya rasu."

Aloys ya cire hularsa. "Mun ji, Hedwig. Saura namu." Sannan ya juya ga Silke da kunnensa mai ji. "Me kika ce, 'yata? Ban ji ba."

Silke ta kalli Resi, ta kawar da kai.

"Cewa ta yi na rikice," in ji Hedwig. "Na san sunan mijina, na san ranar da ya mutu, na san firjin da suka bar shi a ciki. In wannan ne rikicewa, Allah ya ƙara mini."

Resi ta zaunar da ita a kicin ta haɗa mata kofi, a nan ne ta yi kukan da ba ta samu wurin yi ba a gidanta. Aloys kuwa ya ɗauki kekensa ya fita. Kafin rana ta yi tsaka ƙararrawar coci ta fara kaɗawa.

Ludger a kan hanya ya ji ta. Da ya shigo da tirelar ciyawa ya tarar da tsakar gidansa cike da kekuna, maza suna tsaye da huluna a hannu, mata suna shiga da faranti. Mahaifiyarsa tana zaune a kan teburin kicin, a tsakiya. Fuskarsa ta yi ja, ta yi fari. Mutane suka yi layi suna ba shi hannu, shi kuma yana karɓa, har da cewa dama yau yake shirin zuwa ya faɗa, abubuwa ne suka yi masa yawa. Likitan ma da ya zo a lokacinsa ya tarar da gida maƙil, ya ga tsohuwa tana kiran kowa da sunansa har da na kakansa, sai ya yi mata ta'aziyya ya sha kofi ya tafi.

Aka kira Herr Kamphues ya dawo da littafinsa. Wannan karon ba wanda ya janye shi. Hedwig ta sa tabarau ta bi shafukan da yatsa.

"Wannan akwatin mai hannayen zinariya, a'a, Alfons zai tashi ya tambayi kuɗinsa. Ku ba ni na farin katakon nan, wanda ba a shafa wa komai ba. Masu ɗauka na haya, cire su, ga su nan a tsaye kyauta. Furanni daga lambun Resi. Sanarwa a jarida ba na so, wanda Aloys bai faɗa wa ba bai san Alfons ba. Dutse kuma ya jira, giciyen katako ya isa, in dai da sunansa a jiki."

"Kek namu ne," in ji Resi daga bakin murhu.

"Sai wurin kabarin, Frau Terhorst," in ji Herr Kamphues. "Shi ne mai nauyin. Na mutum ɗaya?"

"Na mutum biyu."

Da ya haɗa lissafin ya faɗa, bai kai rabin abin da Ludger ya yi ta tsoratar da ita da shi ba, ko da yake ya fi na filin ciyawa nesa ba kusa ba. Duk kicin ɗin aka juya ana kallon Ludger. Ya gyaɗa kai, don babu abin da zai iya yi a gaban idanun nan.

Sai da mutane suka ragu ya tare ta a lungun ɗakinta. Ya ajiye mata kekenta, birkinsa lafiya lau.

"Kin tozarta ni a gaban ƙauye, Mama. Kin ji daɗi?"

"Ban ji daɗi ba. Mijina ya mutu."

"To ki sani, Silke ta ce ba za ta ƙara yi miki wanka ba, ba za ta ƙara ɗaga ki ba. Ni ma ba zan iya ba. Akwai gado a gidan tsofaffi a birni, na riga na yi magana. Bayan jana'iza za ki koma can."

Maganar ta soke ta, ba za a ce ba ta soke ta ba. A gidan nan ta shigo tana amarya, a ɗakin sama ta haife shi. Kuma ta san abin da ke bayan maganar. Wanda ya mutu a birni, a hannun Ludger, babu mai tura baro dominsa. Filin ciyawar da ta ƙwato Alfons daga gare shi yana nan yana jiranta. Ta kama kekenta ta shige ɗaki.

Ranar jana'iza an yi yayyafi. Maza shida suka ɗauko Alfons a kafaɗa daga coci, Aloys a gaba duk da shekarunsa, babban ɗansa Hubert a bayansa yana karɓe masa nauyin a ɓoye. Aka saukar da akwatin, Fada ya yi addu'a, Hedwig ta zuba ƙasa da ɗan shebur. Ludger ya zuba tasa, ya yi kuka sosai, kuma na yarda kukan gaske ne, don mutum yana iya son ubansa ya kuma so rufin ɗakin dawaki fiye da shi.

Mutane sun fara juyawa za su tafi shan kofi, sai Hedwig ta buga birkin kekenta a gefen ramin, kan ciyawar da ba a haƙa ba.

"Ku ɗan tsaya," in ji ta. "Aloys, matso da kunnenka mai ji."

"Mama, don Allah," in ji Ludger ƙasa-ƙasa, ya kama gwiwar hannunta. Ta fizge.

"Ɗana zai kai ni birni, ya ce can ya fi mini. To, zan je. Amma ranar da zan mutu babu wanda zai tako daga gidanmu ya tsaya a ƙofarka, ni kuma ba zan samu damar zuwa ba. Don haka gara in yi yanzu da nake da baki." Ta miƙe, ta kalli tsohon ido cikin ido. "Aloys, maƙwabci, na zo in faɗa maka. Hedwig ta rasu. Ranar ce kawai ban sani ba. Ga wurina nan inda nake tsaye."

Yayyafi yana ta bugun lema. Silke ta sunkuyar da kai. Ludger ya kalli fuskokin mutanen da zai ci gaba da haɗuwa da su a coci da kasuwa har ƙarshen ransa, babu ɗaya da ta kauce masa.

Aloys ya share ruwa daga goshinsa. "Ni na girme ki, Hedwig, ƙila in riga ki." Ya waiwaya. "Hubert, ka ji?"

Hubert ya tako gaba, ya cire hularsa cikin ruwan.

"Mun ji," in ji shi. "Saura namu."